Injin tan 8, ratar ƙofa santimita 7: kundin aikin jan inji a Gamkalle, Yamai

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Aikin shi ne matsar da injin lanƙwasa tol, wato fallen ƙarfe, daga tsohon ɗaki zuwa sabon da aka gina a bayansa, a wata ma'aikatar ƙarfe da ke unguwar masana'antu ta wajen Gamkalle. Yau awo kawai aka yi.

Lambar da ke manne a jikin injin ta ce kilo 7,600. Za mu yi lissafi da tan 8, gara a ƙara da a rage. Tsawonsa mita 3.70, faɗi 1.65, tsayi 2.55. Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu faɗinta mita 2.10, tsayinta 2.62. Ke nan abin da ke tsakanin kan injin da linta santimita 7 ne kacal. Tafiyar mita 14 ce a miƙe, mita 5 kafin ƙofa, 9 bayanta, sannan a juya shi kwata ya fuskanci gabas.

Mota mai ƙugiya ba ta da mashiga, rufi ya hana. Ƙananan kekunan jan inji masu taya, waɗanda ake bayarwa haya, tsayinsu santimita 11, sun wuce ratar. An kawo shawarar bututun ƙarfe a yi gargare da su kamar yadda aka saba. Bututu na son ƙasan da ke a shimfiɗe, wannan injin kuwa ƙafafu huɗu gare shi, kuma nauyinsa yana sama yana gaba. Bututu ba shi da birki. In abin ya fara gangarawa ba mai tare shi. Fasa linta ma ba ta taso ba, ita ke ɗauke da ƙarfen rufi.

Abin da ya rage shi ne takalman zamiya: farar roba mai sulɓi a ƙarƙashin kowace ƙafa, tana zamewa a kan layin ƙarfe.

Laraba, 8 ga Janairu

Lissafi. Daga tafin ƙafar inji zuwa daɓe, ga abin da zai shiga: baƙar roba irin ta taya milimita 5, farantin ƙarfe milimita 10, farar roba milimita 15, layin ƙarfe milimita 8. Duka milimita 38. Saura 32 a ƙarƙashin linta.

Ƙarfin da za a ja da shi kuwa nauyi ne a ninka da kason turjiya, wato yadda abu ke cijewa a kan abin da yake zamewa a kai. Ƙarfe a kan kankare kason yana kai 0.5, wato tan 4, kuma yana kankare daɓen. Farar robar da ake kira PE 1000 a kan busasshen ƙarfe mai tsabta tana tsakanin 0.1 da 0.2 in tafiya ta kankama, tashin farko ya ɗan fi haka. Mun ɗauki 0.25 don tashin farko: kilo 2,000.

Tirfo ɗin da ke shago, wato abin jan waya da ake bugawa da hannu, mai kilo 1,600 ne, wayarsa milimita 11.5, tsawonta mita 20. Shi kaɗai bai isa ba. In aka rataya puli, wato ƴar tayar da waya ke zagayawa, a wajen inji, waya ta je ta zagayo ta koma maɗauri, wurin da aka kafe tirfo a daɓe, ƙarfin ya kusa ninkawa, amma tafiyar ta koma rabi, kamar mita 9. Sauran za a cike da sarƙa mai kaurin milimita 10, lamba 80, wadda ke ɗaukar tan 3.15, a sa ta tsakanin puli da inji, a cire ta in an matso. A tuna cewa maɗaurin shi ke shan tan 2 ɗin gaba ɗaya tunda tirfo da bakin waya duk a kansa suke.

Kowane takalmi santimita 20 da 25, fili santimita murabba'i 500 ke nan. A takarda ƙafa huɗu ke raba nauyi, a daɓe kuwa ba haka abin yake ba. Ƙaramin tudu ya ishi ƙafa ɗaya ta ɗauki rabin injin. Kilo 4,000 a kan fili 500 ya ba da kilo 8 a kowane santimita murabba'i. Robar na ɗaukar ninki biyar na wannan kafin ta fara lotsawa yadda za a damu.

Asabar, 11 ga Janairu

Kwana biyu a kasuwar Katako. An sami tol mai milimita 8, mita 1 da 2, guda uku, da ɗan tsatsa amma ba su karkace ba, jika 92 kowane (jika ɗaya sefa dubu ce). Kowane ɗaya kilo 125 da ɗoriya.

Farar robar ce ta ba da wahala. Duk abin da ke fari yana da sulɓi, masu sayarwa Teflon suke ce masa. Gwajin ba shi da wuya: a yanki ɗan gutsure a jefa a kofin ruwa. Teflon na gaskiya ya ninka nauyin ruwa fiye da sau biyu, nutsewa yake nan take. Nailan ma nutsewa yake. Dangin PE kuwa sun fi ruwa sauƙi, tasowa suke. Wanda aka nuna mana ya taso, kuma dangin da muke nema ke nan, sai dai ruwa ba ya bambanta PE 500, irin na allon yankan nama, da PE 1000. A tafiyar mita 14 PE 500 ma zai iya, amma akwai wasu injina biyu da ke jiran nasu layin, kuma PE 1000 ya fi jure yashi nesa ba kusa ba. Teflon zalla ba ma so ko da an samu: ya fi sulɓi, amma yana da taushi, nauyi na matse shi ya baje, tsakuwa na yaga shi.

Kayan da ke biyowa ta Lome su ratsa Burkina sai a yi makonni ana jira. An aika Kano ta hannun wani ɗan kasuwa mai bin hanyar Maraɗi, da sharaɗin allon ya zo da takardar kamfani a manne.

Litinin, 13 ga Janairu

Duba daɓe, kuma a nan aka sami matsalar farko.

Da tiyon ruwa aka auna hawa da sauka, mita-mita. Sabon ɗaki ya gangara santimita 3 a cikin mita 9, ba abin damuwa ba ne. Sai aka bi layin da guduma ana ƙwanƙwasawa. Daɓe mai kyau amonsa a dunƙule yake. Daga mita ɗaya kafin ƙofa zuwa mita ɗaya da rabi bayanta, amon ya koma na ganga. Aka huda wurare biyar. Inda injin yake tsaye kauri santimita 12, sabon ɗaki 18, amma a bakin ƙofa santimita 6 ne, ba rodi, ƙasansa yashi ne da ya zauna ya bar kogo. Da ma can wurin baranda ce aka yi wa daɓen tafiyar ƙafa. Da an hau da tan 4 a ƙafa ɗaya, da ya burma, kuma a wurin da ba filin sa kirik, wato jak na ɗaga nauyi.

Za a fasa mita 2.4 da 2.5, a daddaƙe ƙasa, a zuba sabo mai santimita 15 da rodi mai milimita 10 a saƙa, tazara santimita 15.

Tsohon maginin da zai yi aikin ya ce, “Maigida, tunda fasawa za a yi, a sauke wurin da santimita biyar mana, ku sami sarari a sama.” Shugaban aiki ya ce, “Baba, maganarka na kan hanya, amma in an sauke an yi mana gangara da hawa a daidai inda ya fi ƙunci. Sarari kaɗan a shimfiɗe ya fi mana.” Haka aka tsaya. Santimita 5 a cikin mita ɗaya gangara ce ta kashi 5 cikin 100, kuma roba mai sabulu ba ta buƙatar fiye da haka sosai kafin ta tafi da kanta.

Laraba, 15 ga Janairu

An zuba. Kusan mita kubik ɗaya, buhu 7 na siminti, wato ma'aunin kilo 350. Siminti, yashi, tsakuwa, rodi da ladan magina: jika 118. An goge saman da dogon katako don ya yi daidai da daɓen bangarorin biyu. Iskar hunturu na shanye ruwan kankare kafin ya kama, don haka an rufe da jiƙaƙƙun buhuna, ban ruwa safe da yamma. Ba za a hau ba sai ya cika kwana 28, wato 12 ga Fabrairu.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban ruwa. An yanka tol uku zuwa layuka tara, kowane tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 33, kilo 41, mutum biyu na ɗauka ba wahala.

Laraba, 22 ga Janairu

Allon roba ya iso shekaranjiya, jika 74 har da kuɗin mota. Ana haɗa takalma shida, huɗu na aiki, biyu na ajiya.

Zarton katako na yanka robar sumul. An fere gefunan ƙasa duka huɗu, milimita 5 a karkace, don takalmi ya hau ƙaramin tudu maimakon ya tokare shi. Wannan robar gam na yau da kullum ba ya kama ta. Sai ƙusa mai noti: shida a kowane takalmi, milimita 8, masu shafaffen kai, an nutsar da kan milimita 5 cikin robar don ko ta ci kada ƙarfe ya taɓa layi. Ramukan an buɗa su da milimita ɗaya fiye da ƙusar, saboda robar na miƙewa da zafi kusan sau goma sha biyar fiye da ƙarfe. In aka matse ta tsam, rana na taɓa ta za ta yi doro.

A saman farantin ƙarfe an yi waldar ɗan shinge mai santimita ɗaya da rabi a zagaye, da ƙusa mai milimita 20 a tsaye da za ta shiga ramin da ke ƙafar inji. Ita ce ke hana takalmi zamewa ya bar ƙafa. Baƙar roba na zama cikin shingen, tana riƙe ƙafa, tana kuma shanye ɗan rashin daidaito.

An yi asarar takalmi ɗaya. Wani yaron shago ya ga shinge ɗaya bai kama ba, ya ƙara masa walda bayan an riga an ɗaure robar. Robar na narkewa a wajen digiri 135. Gefen ya yi laushi ya kumbura kamar gurasa. Walda tukuna, a bari ya huce, sannan roba. Yanzu biyar ke nan.

Juma'a, 24 ga Janairu

Gyaran layuka. An goge tsatsa da baƙin ɓawon masana'anta da injin goge ƙarfe, aka bi da takardar goge mai laushi a tsaye, yadda takalmi zai bi. Ba fenti, ba mai. An fere bakin kowane layi. A gefuna an yi waldar ƴan kunnuwa masu rami don a haɗa layi da layi da ƙusa mai milimita 10. Layi na tara an raba shi biyu, don mahaɗin hagu da na dama kada su zo wuri ɗaya.

Litinin, 27 ga Janairu

Gwaji da tan 2 na tol a kan takalma huɗu, ana ja da palan, wato abin ja mai sarƙa, da sikelin rataye mai kilo 1,000 a tsakani.

Busasshen layi da aka goge da tsumma: kilo 380 a tashi, 300 a tafiya. Da sabulun ruwa: 200 a tashi, 140 a tafiya. Da giris sabon shafawa ya yi kusa da sabulu. Amma da aka bar layin giris ɗin awa ɗaya a buɗe, ƙofa na shan hazo, sikeli ya haura 520, kuma da aka ɗaga takalmin sai ga zane-zane a robar kamar an ja ta a kan dutsen niƙa. Giris a wannan wata tarkon ƙura ne, da ƙura ta zauna masa ya zama abin gugar ƙarfe.

Sabulu na da nasa aibin. Cikin minti ashirin iska ta busar da shi ya yi danƙo, kuma washegari layin ya wayi gari da jan tsatsa.

Abin da aka yanke: a miƙe, musamman a ƙofa, za a tafi a bushe. Ja ya fi nauyi, amma da an saki hannun tirfo injin zai tsaya cak, kuma wannan muke so a wurin da ratar gefe santimita 10 ce. Sabulu sai wajen juyi. Kason da aka samu, 0.19 da 0.15, ya shiga cikin lissafinmu. Irin wannan robar ma takan ƙara sulɓi in nauyi ya ƙaru a kanta.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ba wani abu. Ana ci gaba da aiki da injin don a rage odar da ke ƙasa kafin a kashe shi.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An kashe inji. An cire wayoyin kuran, an sa wa kowace lamba. An sauke kan injin mai hawa da sauka har ƙasa, ya zauna a kan jan katako. An cire haƙoran lanƙwasa na sama da na ƙasa. An tsiyaye man tanki, lita 170, kusan kilo 150, kuma da yake tankin a sama yake, wannan ya sauko da cibiyar nauyi. A gaban injin an ɗaure ƙafafun agaji biyu na ƙarfe, sun fito santimita 25, ƙasansu bai taɓa daɓe ba. Irin waɗannan injina ta fuska suke faɗuwa, ƙafafun na nan ne don su tare in ya sunkuya. Da su faɗin ya zama mita 1.90.

Maɗauri: farantin milimita 15 kusa da bangon ƙarshe na sabon ɗaki, da ƙusoshi huɗu masu milimita 16 irin waɗanda ake dasawa da gam. Rami milimita 18, zurfi 125. An goge kowane rami da burushi, an hure, an sake, sau uku; gam ba ya kama ƙura, kuma yawancin ƙusoshin da ke tsigewa daga nan ne. Na baya, a tsohon ɗaki, ƙusoshi masu milimita 12, don palan da zai riƙe injin ta baya. Gam, ƙusoshi da faranti: jika 46.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ɗagawa, yini guda.

An yi hayar kirik biyu masu yatsa a ƙasa, jika 15 a rana. A karanta abin da aka rubuta a jikin kirik da kyau: waɗannan tan 10 ne a kai, tan 5 a yatsa. An yanke tsofaffin ƙusoshin daɓe daidai da ƙasa. Kirik biyun a gefe ɗaya na tsawon injin, ɗaya a ƙafar gaba ɗaya a ta baya, kowane a kan farantin ƙarfe, ana buga su tare da ƙirga. Ba a taɓa ɗaga baya shi kaɗai ba, don wannan tura injin ne ta fuskar da yake son faɗuwa. Santimita ɗaya, a cusa ƙarfe, a koma ɗaya gefen, santimita ɗaya, a cusa. Daga santimita biyu aka koma jan katako. Farin katako ba ya wannan aikin, murƙushewa yake.

An rataya igiyar magini mai dalma daga saman injin, aka zana alama da alli a ƙasa. Mutum ɗaya aikinsa ke nan, kallon dalmar. In ta kauce da faɗin yatsa, a tsaya.

A santimita 4.5 aka tura layuka, aka tura takalma da sanda mai lanƙwasa. Hannu ba ya shiga ƙarƙashi. An sauke kafin magariba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Hazo ya sauka sosai, rana kamar farin faranti. An ɗaura sarƙa a ƙasan ƙafafun gaba biyu, wato na gefen da ke kallon ƙofa, santimita 15 daga daɓe, ta haɗu a tsakiya. Mutum shida: ɗaya a tirfo, ɗaya a palan na baya yana saki kaɗan-kaɗan, biyu a gefuna da tsumma da mita, ɗaya a dalma, sai mai usur. Mai usur kaɗai ke cewa a ja. Tsayawa kuwa kowa na da ikon faɗa. Ba mai tsayawa a saitin waya ko cikin kusurwar puli.

Tashin farko ya yi nauyi, injin ya kwana a kan takalma, robar ta zauna. Waya ta miƙe tana ƙara, sai ya yi tsalle ɗaya na kamar santimita uku, daga nan ya bi. Dalilin tsallen, waya na miƙewa tana tara ƙarfi, da turjiya ta faɗi sai ta sake shi gaba ɗaya. Maganinsa gajeren bugu a jere, ba dogon bugu da hutu ba. Mita 2.5 kafin azahar.

Bayan salla da abinci, bugu na biyar, hannun tirfo ya tafi fayau ba nauyi. Ƴar ƙusar kariya ta karye. Aikinta ke nan, tana karyewa in ja ya wuce kima, kuma tirfo na riƙe da waya ko ta karye. An kawo maganar a sa ƙusar kafinta a ci gaba. Ba a yarda ba. In ƙusar ta ƙi karyewa, waya ko maɗauri ne zai karye a madadinta. Na canji suna nan inda kamfani ke ajiye su a jikin tirfo ɗin.

Sai neman dalili. An shafa yatsa a layin gaba: ja wur. Awa ɗaya da rabi aka bar ƙofar waje a buɗe, layukan ba rufi, kuma aka ci gaba ba a goge ba. An sake kawo kirik, aka zaro takalman gaba. Ƙwayoyin yashi sun nutse cikin robar, in ka shafa kamar takardar goge. An kankare da wuƙar kafinta, aka goge da jiƙaƙƙen tsumma, aka busar. An ɗaga layi ɗaya, ƙasansa ma yashi, kuma ya matsa santimita biyu daga alamar alli. Layi na zama wurinsa ne saboda ƙarfe ya fi cije kankare fiye da yadda roba ke cije ƙarfe. In yashi ya shiga ƙasansa ya zama gargare, sai layin ya bi injin.

Gyara: tamfol a ƙofar waje, share daɓe da jiƙaƙƙen buhu kafin a ajiye kowane layi, layin da ba a kai gare shi ba a rufe, a gaban kowane takalmi an ɗaure guntun bargo yana share hanya. Rabin yini ya tafi, da ƙarin kuɗin kirik na kwana.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

An fara da sassafe don a tashi kafin masallaci. Da goge-gogen, ja ya yi sauƙi har mai tirfo na yi da hannu ɗaya. Gaban inji ya shiga ƙofa wajen ƙarfe goma. Ratar sama da aka auna milimita 27 ce, ba 32 ba: yaɓen linta ya ɗan sauko a tsakiya, awon farko a gefe aka yi shi. An sassaƙe yaɓen, ba a taɓa kankaren linta ba.

Sai takalmin baya na dama ya cije. Na hagu ya ci gaba, injin ya karkata, gindinsa ya tafi santimita 4, hancinsa ya matso kusa da bangon ƙofa. Mai mita ya yi kira, aka tsaya. Dalma ba ta motsa ba.

Mahaɗin layi biyu ne ya faɗo daidai inda tsohon daɓe ya haɗu da sabon zubi. Sabon ya fi tsohon tudu da milimita 2, layin baya ya lotsa da nauyi, bakin na gaba ya tashi. Ferewar takalmi ta isa ta hau milimita 2, amma ƙusar kunne ɗaya ta kwance, layukan suka buɗe da faɗin yatsa, gefen robar ya faɗa ciki. Takalman gaba sun wuce wurin lafiya da safe, wataƙila su suka sassauta ƙusar.

An sassauta waya tukuna. Kirik biyu a ƙafafun gindin injin, an ɗaga milimita 5 kawai, ana kallon linta. An zaro layin, aka sa mai mita ɗaya don mahaɗin ya matsa rabin mita daga gaɓar kankare, aka cike ƙasan da siraran tol na milimita 1 da 2. Robar ta ɓantare a kusurwa, an canza da na ajiya. An dawo da gindin injin kan layi da palan daga gefe, da ɗigon sabulu a ƙarƙashin takalman baya, aka wanke aka busar nan take. An bar shi a nan, hancinsa cikin ƙofa, an tokare da katako gaba da baya.

Daga yau kowace ƙusar kunne da noti biyu, kuma a duba ta bayan takalmin gaba ya wuce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ya fita daga ƙofa ƙarfe tara da rabi. An cire sarƙar ƙari, an sake zaren waya. Mita 14 sun cika kafin la'asar. Layin da aka bari a baya ana ɗauko shi, a goge sama da ƙasa, a kai gaba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Juyi. Siraran layuka ba sa wannan, takalma baka suke bi. An ari tol shida masu milimita 8 daga kayan shago, kauri ɗaya da layukan, aka goge su. Daga tsakiyar injin zuwa kowace ƙafa kusan mita 1.73 ne, don haka kowace za ta yi tafiyar mita 2.7. An zana da'irar da alli da igiya.

Tirfo a kusurwa ɗaya, palan a kusurwar da ke kallonta ta ɗaya ɓangaren, suna ja sabanin juna, sai injin ya juya a kan cibiyarsa. An ƙara maɗaurai biyu don haka tun ranar Asabar. Sabulun ruwa kofi ɗaya a bokitin lita 10, ana yayyafawa taku ɗaya gaban takalmi, ba a jiƙa filin duka ba, mutane ma na taka wurin. Wahalar ita ce daidaita saurin biyun: palan ya fi tirfo jinkiri, in tirfo ya yi gaba sai cibiya ta gudu daga alama. Sau biyu aka tsaya aka dawo da ita. Kusurwar ja na canzawa yayin da injin ke juyawa, sau uku aka sauya wurin ɗauri. Awa biyar.

Talata, 18 ga Fabrairu

An sauke kamar yadda aka ɗaga, santimita-santimita. An daidaita da ma'aunin ruwa na injina, bai wuce milimita 0.2 a mita ba ta tsawo da ta faɗi. Gobe ƙusoshin daɓe, mai da kuran. Za a sake duba daidaiton bayan mako biyu na aiki.

An auna takalma. Na gaba sun koma milimita 14.1 da 14.3, mafi yawa daga kankarewar ranar Alhamis. Na baya 14.8. Kan ƙusoshi na nan a nutse.

Kuɗi zuwa yau: tol jika 276, roba 74, daɓen ƙofa 118, maɗaurai 46 da ƙarin 31 na juyi, kirik kwana bakwai 105, ƙananan ƙusoshi, baƙar roba, katako, sabulu da tamfol 38. Duka jika 688, ban da ladan ma'aikata. Layukan da takalman na nan don aiki na gaba.

Na gaba injin yankan tol ne, tan 11, gajere ne, linta ba za ta dame shi ba, amma faɗinsa mita 1.95. A 0.25 ja zai kai kilo 2,750, ya yi wa ƙaramin tirfo kusa da iyaka ko da puli, don haka za a nemi mai kilo 3,200 da wayarsa ta milimita 16.3, sarƙa kuma a koma mai milimita 13. Ƙafafunsa shida ne, sai an haɗa takalma uku, biyu na cikawa ɗaya na ajiya. Ragowar allon zai ba da biyu kawai, za a aika Kano wannan makon. Da ratar santimita 7 da rabi a kowane gefe, za a yi wa layukan cikin ƙofa ɗan shinge a gefen waje don takalmi kada ya kauce. Kirik za a karɓa na mako guda a dunƙule, ya fi sauƙi da kuɗin kwana-kwana. Ana so a gama kafin azumi ya kama a farkon Maris.